Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin asibitoci kan fashin aiki da zuwa aiki da ciwo

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, nas kamar yadda aka fi kiranmu, shekarata 16 ke nan a wannan aiki, na yi ɗakin maza na yi na mata na yi na jarirai na yi na gaggawa. Na daɗe ina son rubuto muku wannan takarda sai in fasa, in ce bari dai in jira a kira taro in faɗa baki da baki, to taron ana kira amma lokacin da za a ce ko akwai mai magana an riga an gaji kowa ya fara tattara takardunsa. Shi ya sa yau na zauna na rubuta a inda kowa zai gani, ku da kuke riƙe da asibitoci da ku da kuke hukumomin da ke sama da su, ko a ina kuke. Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan kama sunan wani asibiti ba, don abin ba na wuri ɗaya ba ne.

Abu biyu ne ke tafe da ni. Na farko kun san shi sarai, fashin aiki, don shi yana fitowa a rajista da jan biro, a kansa ake ba da takardar tuhuma, a kansa ake kiran mutum ofis. Na biyun kuma shi ne ma'aikacin da ya zo aiki alhali shi ma gado ya kamace shi, zazzaɓi a jikinsa ko gudawa ko ciwon baya ko kwana biyu bai runtsa ba, ya sa hannu a rajista ya shiga cikin marasa lafiya. Wannan ba ya fitowa a ko'ina, hasali ma yabonsa ake yi, a ce wane ai jarumi ne ko yana mutuwa sai ya zo. Abin da nake so ku gane shi ne waɗannan biyun uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma duk lokacin da kuka danne ɗaya da ƙarfi ba tare da duba tushen ba, ɗayan ne yake kumburowa.

Bari in ba ku labarin wani dare da har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Tun da rana nake jin jikina ba daɗi, kai na sarawa, gaɓoɓi duk sun yi nauyi, da na auna zafin jikina ya haura 38, ga shi ina da dutin dare. Na ɗauki waya zan kira shugabar ɗakinmu sai na tuna rosta, wato jadawalin duti, mu biyu aka sa a ɗaki mai gado 28, in na ce ba zan zo ba abokiyar aikina ita kaɗai za ta kwana da su kuma tana da ciki wata bakwai, ƙafafunta ma a kumbure suke. Sai na ajiye wayar, na haɗiyi parasitamol biyu na sa yunifom na tafi. Na isa a kan lokaci, na sa hannu. Farkon dare na daure, ana kira ina zuwa, amma can tsakar dare maganin ya sake ni sanyi ya dawo, ina rawar ɗari cikin rigar sanyi, in tsaya a jikin bango in huta in ci gaba. Da asuba lokacin allurai ya yi. Akwai wasu dattawa biyu gadonsu na kusa da juna dukkansu masu ciwon suga, ɗaya ana ba shi insulin, allurar saukar da suga, ɗayan kuma likita ya dakatar da nasa tun yamma saboda sugansa ya sauka sosai. Wallahi sau uku na karanta fayil ɗin nan, layukan sai haɗuwa suke a idona. Na ja insulin a sirinji na nufi gado, na ɗaga rigarsa har na goge wurin da auduga, sai abokiyar aikin nan tawa ta ɗago kai daga inda take canja ledar ƙarin ruwa ta ce, "Anti, ba shi ba ne fa, na gefensa ne." Na tsaya cak da allura a hannu, hannun na karkarwa. Shi kuwa Baba yana kallona yana cewa, "Yi mana 'yata, ai na saba." Ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, bai san wadda ke tsaye a kansa ba ta iya karanta layi uku daidai ba.

Duk wanda ya san aikin nan ya san abin da insulin zai yi wa mutumin da sugansa ke ƙasa, suma ce, wani lokacin ma abin da ya fi suma. Amma in kuka buɗe takardun wannan dare za ku ga komai lafiya lau, ma'aikata biyu, duka sun zo, ba fashi ba makara.

Kuma kada ku ɗauka halina ne ni kaɗai ko halin asibitin da ba shi da kayan aiki. A shekarar 2015 an wallafa wani bincike da aka yi a wani babban asibitin yara a birnin Filadelfiya na Amurka, aka tambayi likitoci da manyan ma'aikata sama da 500. Kashi 95 cikin 100 suka ce sun san zuwa aiki da ciwo haɗari ne ga yaran da suke dubawa, amma duk da haka kashi 83 cikin 100 suka ce sun yi hakan aƙalla sau ɗaya a shekarar da ta gabaci binciken. Da aka ce me ya sa, kusan dukkansu amsar ɗaya ce, ba sa so su bar wa abokan aikinsu nauyi kuma sun san babu isassun mutanen da za su maye gurbinsu. Hukumar CDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Amurka ma ta duba lokacin murar 2014 zuwa 2015, ta ga cewa kusan 4 cikin kowane 10 na ma'aikatan lafiyar da suka kamu da zazzaɓi da tari ko ciwon maƙogwaro sun ci gaba da zuwa aiki a haka. Mutanen da suka fi kowa sanin yadda cuta ke yaɗuwa ke nan fa. Kun ga ashe ba rashin sani ba ne, don haka ƙara mana lacca ko manna fosta a bango ba zai canja komai ba.

Tun muna ɗalibai aka cusa mana cewa ma'aikacin lafiya ba ya ciwo. Ka ce kanka na ciwo a ce maka kowa ma kansa na ciwo. Ka kira waya ka ce ba ka da lafiya, tambayar farko da za a yi maka ita ce to wa zai riƙe maka dutin, kai da kake kwance kai za ka zauna kana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya kana roƙo, wannan ya ce yana da uzuri wancan bai ɗauka ba, daga ƙarshe ka ga gara ka tashi ka tafi kawai. Wani wurin kuma sai ka zo asibitin da ƙafarka ka bi layi an ba ka takardar hutu, to tunda na riga na zo ai sai in shiga aikin. Ga gulma, ka yi kwana biyu a kwance ka dawo ka tarar ana yi maka wani irin kallo. Sannan ga waɗanda ba a cika tunawa da su ba, masu shara da masu tura keken marasa lafiya da masu wanki da ma'aikatan wucin gadi, da yawansu ranar da ba su zo ba babu kuɗin ranar, su kam ko tunanin zama a gida ba sa yi, kuma su ne hannunsu ke taɓa kowane gado da kowace ƙofa.

Ranku ya daɗe, wanda ke kwance a asibiti ba kamar wanda muke haɗuwa da shi a hanya ba ne. Jaririn da aka haifa bakwaini da nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, mai cutar daji da magani ya karya masa garkuwar jiki, tsohon da aka yi wa tiyata jiya, murar da ni zan sha magani in warke cikin kwana huɗu su tana iya zama ajalinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi za su ɗauki wata sabuwar cutar a cikin asibitin. Ban ce duka daga ma'aikaci mara lafiya suke fitowa ba, akwai rashin wanke hannu akwai kayan aiki akwai cunkoso, amma wannan ƙofa ce da za a iya rufewa kuma an bar ta a buɗe. Ka'idar ma ai sananniya ce, mai zazzaɓin mura ya zauna a gida sai ya yi awa 24 ba zazzaɓi ba tare da ya sha maganin saukar da shi ba, mai amai da gudawa ya ƙara awa 48 bayan sun tsaya, mai tarin da ya wuce sati biyu a gwada shi tarin fuka. Mu muke faɗa wa jama'a wannan, amma rostar da aka ba mu ba ta bar mana wurin da za mu bi shi ba.

Kuma ba cuta mai yaɗuwa kaɗai ba. Nas mai ciwon baya da ta zo aiki tana tafiya a karkace, mara lafiyar da ya kamata a juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, za ta juya shi sau ɗaya ko biyu a dare, sauran ta kasa, bayan sati a ga gyambo ya fito a ce sakaci ne. Ga kuma ciwon da ba a gani, damuwa da gajiyar da ke taruwa har ta cinye mutum. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan gajiya cikin kundinta a matsayin abin da aiki ke haifarwa, ta ce alamunta uku, ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, ƙwazo ya ragu. Duk lokacin da kuka samu ƙorafi cewa wata nas ta daka wa 'yan uwan mara lafiya tsawa, ban ce ta kyauta ba, ba ta kyauta ba ko kaɗan, amma ku duba rostarta na sati biyun baya kafin ku yanke hukunci.

Yanzu fashi. Nan ma ba zan ɓoye gaskiya don in kare 'yan uwana ba, akwai masu fashi da gangan kuma mun san su. Akwai wanda zai leƙo ya sa hannu ya fice zuwa wani aikin nasa na kuɗi, akwai wanda aboki ke sa masa hannu, akwai babban likitan da sunansa ke kan allo a matsayin mai jiran kira amma a kira shi sau goma waya a kashe, akwai wanda kowa ya san ba a taɓa shi saboda yana da wani a sama. Wani bincike da masana suka yi tare da Bankin Duniya aka wallafa a 2006, sun riƙa kai ziyarar ba-zata ƙananan asibitoci a ƙasashe irin su Indiya da Bangladesh da Indonesiya da Yuganda da Peru, suka tarar kimanin kashi 35 cikin 100 na ma'aikatan lafiya ba sa wurin aiki a lokacin da aka je, kuma likitoci sun fi ƙananan ma'aikata yawan rashin zuwa. Wannan cin amana ne, babu wani suna da za a sa masa. Mace ta taso daga nesa da yaro a hannu yana numfashi sama-sama ta tarar da ƙofa a rufe, gobe ba za ta sake zuwa ba, za ta je inda za a cuce ta. Kuma mu da muke zuwa mu ne muka fi kowa jin haushinsu don a kanmu nauyin ke sauka.

Amma abin da ke damuna, a rajistarku wannan mutumin da wadda ta kwana tana amai duk jan biro ɗaya ake sa musu. Na taɓa aiki da wata ƙanwata a ɗakin mata, ta yi kwana uku ba ta zo ba, mu duka muka yi ta surutu har da ni, aka rubuta mata takardar tuhuma tana jiranta a tebur. Ranar da ta dawo fuskarta fayau, ta karɓi takardar ta karanta ta ninke ta sa a aljihu ba ta ce komai ba, sai da muka shiga ɗakin canja kaya ta faɗa min ɓari ta yi, kuma ba ta so ta zo a rubuta mata takardar hutu a wurin da kowa ya san ta kafin la'asar labari ya zaga asibiti. A watan da abin ya faru kuma akwai wanda bai cika kwana goma a wurin aiki ba, ko kiransa ba a yi ba. Me kuke tsammanin ƙananan ma'aikata suka koya daga wannan?

Ku zo mu duba abin da ke faruwa a ɗaki in mutum ɗaya bai zo ba kuma ba a turo kowa ba. Marasa lafiyarsa ba sa tafiya gida, ana raba su ne a kan waɗanda suka rage. Mai mutum takwas ta koma sha biyu. Maganin ƙarfe goma ya koma sha ɗaya da rabi, awon jini da na zafi da ake yi duk awa huɗu ya koma sau ɗaya, ƙarin ruwa ya ƙare ba wanda ya lura har jini ya biyo robar, wanda numfashinsa ya fara canjawa a gadon ƙarshe ba a gan shi ba sai da abin ya yi nisa. Farfesa Linda Aiken da abokan aikinta sun bincika asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka suka wallafa a 2002, suka gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin 100. A 2014 aka sake irinsa a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka sake samun kusan adadin nan. Mutum ɗaya kacal aka ƙara fa, to ina ga an ƙara huɗu a dare ɗaya.

Daga nan sai a ce wa wadda ta yi dutin rana ta daure ta zarce da na dare. Ta zarce. A 1997 wasu masana a Ostareliya suka nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda ya sha giya har ta kai 0.05 cikin 100 a jininsa, adadin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙin mota da shi, in ya kai awa 24 kuwa abin ya ninka. A 2004 kuma wani bincike a Boston ya nuna sabbin likitocin da ke yin dogon duti na awa 24 ko fiye sun fi yin manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin 100 idan aka kwatanta da lokacin da aka rage musu awannin. Ba wanda zai yarda mai maye ya riƙe masa allura, amma kullum ana miƙa wa wanda bai yi barci ba. Ita kuma wadda ta zarce ɗin nan, bayan sati biyu jikinta ya ce ya isa, ta kwanta, a rubuta ta yi fashi, a ce wa wata ta zarce. Ko kuma ta ji tsoron takarda ta zo da ciwon, ta shafa wa biyu, su ma su kwanta. Haka abin yake ta juyawa har masu ƙwazon su gaji su ajiye aikin ko su bar ƙasar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta yi gargaɗin cewa zuwa 2030 duniya za ta yi ƙarancin ma'aikatan lafiya miliyan 10 ko fiye, mafi yawa a ƙasashen da suka fi buƙatarsu. Wanda ya tafi ba lallai ku samu madadinsa ba.

Na san maganin da ya fi zuwa muku a rai shi ne na'urar dangwala yatsa da yanke albashi. Ban ƙi na'ura ba, a sa. Amma ku ji abin da ya faru a gundumar Udaipur ta Indiya, inda wata ƙungiya mai suna Seva Mandir ta haɗa kai da hukuma aka sa wa nas-nas na ƙauyuka na'urar buga lokaci, aka ce mai yawan fashi za a rage masa albashi. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda daga baya suka ci kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka bi diddigin abin. Watannin farko zuwa aiki ya ƙaru sosai, amma bayan wata 16 komai ya koma gidan jiya, saboda jami'an da ke sama da kansu suka riƙa raba ranakun uzuri, na'urorin kuma suka riƙa lalacewa ba a gyarawa. Wato in shugabanni ba su tsaya da gaske ba mai wayo zai samu hanyarsa. Wanda na'urar za ta kama shi ne mai tsoron Allah da ba shi da kowa, shi ne zai jawo jikinsa da zazzaɓi ya zo ya dangwala yatsa don kada a taɓa masa albashi, na'urar kuma ba ta auna zafin yatsan.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi sosai. Babba a ciki shi ne a daina tsara rosta kamar ba wanda zai taɓa yin ciwo. Kowane wata sai wani ya kwanta, wannan sananne ne kamar fitowar rana, to a ware 'yan ko-ta-kwana tun farko, mutum biyu ko uku da aka san aikinsu ke nan cike gurbi a duk ɗakin da aka samu giɓi, kuma a biya su haƙƙinsu. Mara lafiya ya kira lamba ɗaya ya ce ba shi da lafiya shikenan, neman madadi ya zama aikin ofis. Da akwai wannan tsari a daren da na ba ku labari da ban fito daga gida ba, don ni ba takardar tuhuma na ji tsoro ba, abokiyar aikina mai cikin wata bakwai ɗin nan na tuna.

Sannan ciwon kwana ɗaya ko biyu a yarda da bakin ma'aikaci. A Birtaniya ma'aikaci na iya shaida wa kansa ciwon da bai wuce kwana 7 ba, sai ya wuce haka ake neman takardar likita. Za ku ce ai wasu za su yi wasa da damar, e za su yi, amma mai wasa ba ya ɓuya, ciwonsa kullum sai ranar da ke manne da hutu ko ranar dutin dare, shugaban da ke duba takardunsa da idon basira cikin wata uku zai gane shi. Shi a zaunar da shi, a ja masa kunne, in ya ƙi a hukunta shi ko ɗan waye, ko babban likita ne ko ƙaramin ma'aikaci. Kada a ƙuntata wa mutum 50 saboda mutum uku da ake jin nauyin fuskanta. Wanda ya dawo daga jinya kuma a ba shi minti biyar a tambaye shi ya jiki, akwai abin da za a sauƙaƙa masa, wani lokacin a nan za ku gano ciwon baya ne da ɗan canjin ɗaki zai magance, ko wani ne ke takura masa a wurin aikin har ya tsani zuwa.

A samar mana da wurin ganin likita na ma'aikata wanda ke riƙe sirri, a yi mana rigakafin ciwon hanta da sauran waɗanda suka kamata, da masu shara a ciki. A sa iyaka ga dogon duti, Tarayyar Turai ta ce awa 48 a sati a matsakaici da hutun awa 11 a jere kowace rana, jihar Kalifoniya kuma tun 2004 take aiki da dokar da ta ƙayyade yawan marasa lafiyar da nas ɗaya za ta riƙe, biyu a ɗakin masu tsananin ciwo. Na san ba kowane asibiti ne zai kai wannan gobe ba, amma a sa wani layi dai da za a ce daga nan ba a wucewa. Don Allah kuma a daina ba da lambar yabo ga wanda bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya yi shekara cur cikin masu tari da masu gudawa bai kwanta ba ko kwana ɗaya to akwai ranakun da ya zo da ciwo, kuma shi kuke nuna wa sabbin ɗauka ku ce su yi koyi. Ku ma manya, ranar da mura ta kama ku ku zauna a gida ku bari a sani, na ƙasa na kallo.

Kuskure irin nawa da Allah ya tsare, ban rubuta shi a ko'ina ba a lokacin, na ji tsoro, yau ne karo na farko da na faɗe shi a fili. Irinsa suna da yawa kuma duk suna binne a cikin zukatan ma'aikata. Da akwai takardar da mutum zai cike ba tare da fargabar hukunci ba, a rubuta abin da ya kusa faruwa, mutum nawa ne a duti, awa nawa suka yi a tsaye, akwai mara lafiya a cikinsu ko babu, da cikin shekara ɗaya kun ga hoton asibitinku da rajista ba za ta taɓa nuna muku ba.

Lokacin korona kowa ya ga abin da idonsa, aka ce duk mai zazzaɓi ko tari kada ya zo, ana auna mu a bakin ƙofa, kuma asibitoci ba su rushe saboda wannan doka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021 ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 ne cutar ta kashe, kuma a ranar 17 ga Satumban 2020 ta fitar da wata yarjejeniya tana kiran gwamnatoci da shugabannin asibitoci su kare lafiyar ma'aikata don ta nan ake kare marasa lafiya. An yi mana tafi a lokacin, mun gode. Da cutar ta lafa sai aka ɗauke ma'aunin zafin daga bakin ƙofa, muka koma haɗiyar parasitamol a ɗakin canja kaya.

Baban nan an sallame shi bayan kwana huɗu, ya yi ta sa min albarka yana fita, bai san komai ba. Abokiyar aikin tawa ta haihu lafiya, daga baya ta bar aikin. Jiya aka manna rostar wata mai zuwa, na tsaya na karanta ta daga sama har ƙasa, mu biyu ne dai a dare, gadajen ma an ƙara biyu, ban ga sunan kowa a gurbin ko-ta-kwana ba. Ina roƙonku ku fara daga wannan gurbin, kafin ɗaya ga wata.

Na gode, a huta lafiya.

Taku,
wata ma'aikaciyar jinya